Ƙofar da Aka Gina wa Saiwa

Ranar da aka kwashe kayan Umma za a rushe tsohon gidan, ba ta waiwayi ɗakinta ba, ba ta kuma kalli madafin da ta yi shekara talatin da huɗu tana shan hayaƙinsa ba. Sandarta ta dogara har tsakar gida, ta dafa jikin bishiyar mangwaro, sannan ta juyo ta dubi 'ya'yanta biyu.

"Ku rushe abin da za ku rushe," in ji ta. "Wannan dai in dawo in same ta a tsaye."

Yaya, babban ɗanta, wanda ya yi shekaru yana tara kuɗin ginin daga shagonsa na sayar da magani, ya yi dariya. "Umma, wa zai taɓa ta? Ko ganye ɗaya ya faɗi, ni za ki kama."

"Kai ina za a kama ka, kullum kana shago?" Ta mai da ido kan ƙaramar. "Auta, ke na ba wa."

Bishiyar tana da tarihi. Shekarar da masaƙa ta sallami mahaifinsu, marigayi Abba, ya zauna gida ba aiki, sai ya sa wa kansa yi wa mangwaron aure: ya yanko reshen wani iri ya ɗaura a jikin nasa. Sau huɗu reshen yana bushewa, maƙwabta suna cewa zaman banza ya fara taɓa shi. A na biyar ya kama. Tun daga nan bishiya ɗaya take ba da 'ya'ya iri biyu, gefen gabas ƙanana masu zare, gefen yamma manya masu tsoka, waɗanda Umma ba ta barin kowa ya tsinka sai ita.

Auta ta yi karatun gandun daji, ta fito da sakamakon da malamanta suka yi alfahari da shi, amma aikin da ta samu bai wuce na wani gidan rainon tsirrai a bakin gari ba, inda take wuni tana cika baƙaƙen ledoji da ƙasa. A gida ana tsokanarta da mai digirin ganye. Ba ta taɓa sunkuyar da kai don wannan ba. Ta san abin da ta sani.

Washegari tun kafin ma'aikata su iso ta zo da turaku goma sha biyu da jar igiya. Ta tsaya daidai inda reshen da ya fi tsawo ya ƙare, ta ƙara taku ɗaya, ta kafa turke. Haka ta bi ta zagaye bishiyar. Da ta gama, igiyar ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na filin.

A haka Baba Magini ya same ta. Shi ne shugaban aikin, gajeren dattijo mai furfura a haɓa da fensir a bayan kunne. Shekara arba'in yana gini, kuma an ce daga tsallaken titi yakan gane bangon da ya karkace da kaurin farce. Ya jingine babur ɗinsa, ya bi igiyar da kallo.

"'Yata, awaki za ki kiwata a nan?"

"A'a, Baba. Iyakar bishiya ce. Kada tifa ta shiga, kada a zuba yashi, kada a jibge bulo."

"Bishiya ai ga ta can," ya nuna gindin da haɓa. "Ke iska kika zagaye."

"Rabinta kake gani. Rabin yana ƙarƙashin takalminka."

Dogo, babban leburansa, wanda bakinsa ya fi shebur ɗinsa sauri, ya ɗaga ƙafa ɗaya sama kamar ya taka ƙaya. "Gafara dai, Hajiya Mangwaro, na taka ki ban sani ba."

Aka bushe da dariya. Daga ranar Auta ta samu sabon suna a wurin: Injiniyar Ganye.

Baba Magini ba mugu ba ne, kuma ya ji wasiyyar Umma da kunnensa. Da kansa ya sa aka naɗe gindin bishiyar da tsohuwar katifa, aka ɗaure da waya, don kada baro ya ƙwarzane ta. A wurinsa an gama kare bishiya ke nan. Igiya kuwa wasan 'yar boko ne. Duk safiyar da Auta ta biyo kafin ta wuce aiki, sai ta tarar igiyar tana kwance a ƙasa, turaku biyu ko uku sun tuge, an jingina buhunan siminti a inuwa, ga sawun takalma ko'ina. Takan ja buhunan waje ɗaya bayan ɗaya, ta mai da turakun, ta ɗaure igiya, ta kakkaɓe hannu ta tafi. Gobe ma haka. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma fasa ba.

A mako na uku aka tashe su da wuri a gidan raino, ta iso wurin ginin daidai lokacin tashi daga aiki, abin da ba ta taɓa yi ba. Abin da ta gani ya tsayar da ita a bakin ƙofa.

Ma'aikatan duka suna gindin bishiyar. Wannan yana wanke kwanon kwaɓi, wancan yana ɗauraye shebur, Dogo ya kifar da baro yana kwarara masa ruwa. Ruwan toka-toka, mai kauri kamar kunun da ya kwana, yana bin ƙasa yana nutsewa. Da suka gama, Dogo ya ɗebi yashi shebur biyu ya watsa a kai don kada wurin ya yi caɓi. Shi ya sa duk safiya ba ta ganin komai.

"Me kuke yi haka?"

Baba Magini ya juyo da fara'arsa, irin ta wanda aka kama yana aikin alheri a ɓoye. "Kin gani ko? Tun ranar da muka fara, bishiyar nan ba ta kwana da ƙishirwa ba. Ni na sa. Duk gidan da na gina haka nake yi. Ruwan wanki ba ya tafiya a banza, a gindin itace ake zuba shi, kowa ya samu lada."

"Guba kuke ba ta."

Maganar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ta so, kuma a gaban yaransa. Fara'ar ta bar fuskar dattijon a hankali.

"Ruwan siminti ne, Baba," ta ci gaba, don ta riga ta fara. "Dubi hannunka yadda ya farfashe. Abin da ya yi wa hannunka shi yake yi wa saiwa, ita kuwa ba ta da kanta irin taka."

Ya ɗauki hularsa, ya tada babur.

Kafin ta isa gidan gwaggonsu, inda ita da Umma suke zaune har a gama ginin, Yaya ya kira ta a waya. "Ke wace irin yarinya ce? Mutumin da na yi wata biyu ina roƙo kafin ya karɓi aikin? In ya ajiye, ke za ki ɗora mini bulo da digirin ganyen? Gobe ki je ki ba shi haƙuri."

Ta je. Ta same shi yana jan igiyar awo, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, na yi kuskuren murya. Ban yi kuskuren magana ba."

Ya dube ta ta gefen ido. "To. Muryar na yafe."

An daina zuba ruwan, don Yaya ya ce a daina a zauna lafiya, ba don wani ya yarda da ita ba. Sauran aikin nata ne. Da ta kau da yashin, ta tarar ƙasar gefen yamma ta daskare ta zama ɓawo kamar ƙanzon tukunya. Shebur ba zai yiwu ba, don ƙananan saiwoyin da bishiya take sha da su a sama-sama suke, sirara kamar gashi. Da ɗan cokalin lambu ta yi aikin, a durƙushe, tana ɓamɓarowa tana zubawa a bokiti tana kaiwa waje. Yamma shida ta yi a haka. Tafin hannunta ya yi ja, ya ɗaye, ya koma ya farfashe. Ta naɗe shi da tsumma ta ci gaba. Ta roƙi ruɓaɓɓen ganye buhu takwas a wurin aikinta, ta shimfiɗa, ta yi ta kwarara ruwa mai tsabta har ƙasar ta daina fitar da farin kumfa.

"Injiniya, in kin gama da ita ki zo ki yi wa ƙafata," Dogo yakan ce in ya wuce da kwano a ka. "Ita ma siminti ta sha."

"Taka ai ta riga ta mutu, Dogo, tsayi ne kawai ya rage."

Ranar hutunta ta wuni a wurin, kuma ranar ce ta gane nata laifin. Da rana ta take, ta fito daga inuwa za ta zubar da bokiti, sai zafi ya doke ta kamar an buɗe murhu. Ta duba filin kaf. Tsohon gida ya tafi, sabo bai kai kafaɗa ba, babu inuwa ko ta tabarma ɗaya sai wadda ta zagaye da igiya. Mutum takwas suna dama kankare tun safe, ita kuma ta zo ta killace wurin hutunsu ta ce kada a taka. Ba ƙeta ce take sa su tuge turaku ba.

Ta jawo tsofaffin kwanon rufin da aka cire daga gidan, ta samo katako huɗu, ta kafa rumfa a jikin katangar maƙwabta. Rumfar ta tsaya a karkace kamar hular ɗan tasha. Baba Magini ya wuce ta sau biyu yana kau da kai. A na uku ya kasa.

"Kai, ba ni guduma. Ba za a ce a wurin aikina aka ga wannan abin kunya ba."

Cikin rabin awa rumfa ta miƙe sumul. Ita kuma ta haƙa rami a can kusurwar ƙofa, nesa da komai, ta shimfiɗa leda a ciki, ya zama wurin wanki. Daga ranar igiyar ba ta sake kwanciya ba.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Bayan mako biyu ganyen gefen yamma, gefen da Abba ya ɗaura, ya fara rawaya, bakinsa yana ƙonewa kamar an gifta masa wuta. Kullum ta koma gida Umma takan tambaya, "Ya mangwarona?" Ita kuma takan ce, "Tana nan a tsaye." Ba ƙarya ba ce, amma takan faɗe ta ne tana kallon wani wuri.

Ana haka aka zo haƙa fandisho, wato harsashin madafi, wanda aka bari a ƙarshe don ta nan tifa take shiga. Ramin zai wuce ne taku biyu a wajen igiya, saboda haka hankalin Auta a kwance yake. Tana gidan raino, hannu dumu-dumu da ƙasa, wayarta ta yi ƙara. Dogo ne, kuma yau ba dariya a muryarsa.

"Injiniya, in kina da hali ki zo. Mun tono ƙafar mutuniyarki. Yayanki yana nan, an aika a kawo gatari."

Ta samu mai babur, ta iso gyale yana bin iska. A cikin ramin, zurfin gwiwa, ga saiwa ta gitta daga wannan bango zuwa wancan, kaurinta kamar cinyar ƙato. Daga gefen yamma ta fito, ta miƙe ta nufi inda tsohuwar magudanar wanke-wanke take, inda ta yi shekaru tana shan ruwa ba wanda ya sani. Diga ta ɗan ƙwarzane ta, farin jiki ya fito.

Auta ta tattare zanenta ta sauka cikin ramin, ta zauna a kan saiwar.

"Fito," in ji Yaya, yana magana ƙasa-ƙasa don kunya. "Mutane suna kallonki."

"Su kalla."

"Saiwa ɗaya ce, Auta. Tana da wasu."

"Wasun siminti ya cinye rabinsu. Wannan ce take riƙe da gefen Abba. A matsar da bangon."

"A matsar ina? Nan iyakar maƙwabci ce, can kuma madafin zai koma kamar akurki. Zane an riga an sa masa hannu."

Baba Magini ya tsuguna a bakin ramin. Ba da faɗa ya yi magana ba. Tun ranar rumfa yake mata wani irin kallo, kamar na wanda ya ga bulo mai kyau a hannun wanda bai iya gini ba.

"'Yata, ki saurare ni. Na sare saiwa ta fi ɗari. Ban taɓa barin gida da matacciyar bishiya ba. Ranar da nake miƙa makulli, kore shar nake barin su."

Wannan karon ta kula da muryarta. "Na yarda, Baba. Amma ka taɓa komawa bayan shekara uku?"

Ya ɗago ya dube ta, ita kuwa ta ci gaba.

"Bishiya ba ta kuka ranar da aka ji mata ciwo. Tana da ajiya a jikinta, ita take ci. Shekarar farko ba wanda zai ga komai. Ta biyu rassan sama su fara bushewa. Ta uku a kira mai sara, a ce tsufa ne, ko a ce tsutsa. Lokacin magini ya yi gida biyar a gaba, wa zai tuna da shi?"

Wanda aka aika ya iso da gatari, ya tsaya yana raba ido. Dattijon ya daɗe yana kallon saiwar. Ya cire fensir daga bayan kunne, ya mayar.

"A ajiye gatarin," ya ce. "Ku koma ɗakin gaba. Ramin nan ya kwana."



Auta ta jiƙa buhunan algarara ta lulluɓe saiwar don kada rana ta busar da ita. Washegari ta nemi izini a wurin aiki ta dawo ta zauna gadi. Ƙarfe bakwai ta yi, Baba Magini bai zo ba. Tara ta yi, shiru. Dogo ya ce shekararsa goma sha ɗaya tare da shi, ko ranar da aka yi masa haihuwa sai da ya riga kowa zuwa. Yaya ya kira sau uku, wayar tana kashe, ya juyo ya yi wa ƙanwarsa kallon kin ga abin da kika jawo.

Sai bayan rana ta karkata suka ji ƙarar babur ɗinsa. Ya sauka a gajiye, bai gaisa da kowa ba, ya zo ya zauna a bakin ramin, ƙafafunsa a ciki.

"Gida bakwai na zaga," ya ce, ba tare da ya dubi Auta ba. "Duk ni na gina su. Bango ko tsaga babu, wannan kam na gode wa Allah. Gidan wani malamin makaranta, na bar gwaiba biyu. Babu ko ɗaya. Gidan wata nas, tsamiya ce wadda mutum biyu ba sa rungume ta. Kututture na samu, ana shanya a kai." Ya gyara hularsa. "Akwai wani gida da na yi wa bishiyarsu dakali na zagaye ta, na shafe da siminti har jikinta, na goge yana sheƙi. Kyauta na yi musu, don mutanen kirki ne. Dakalin yana nan kamar jiya aka yi shi. Tsakiyarsa sun ajiye tukunyar fure."

Ya gyara zama, ya ci gaba.

"Ɗaya na samu da rai. Kin san a gidan wa? Wani marowaci da ya hana mu taɓa famfonsa, sai a bakin titi muke wanke kaya. Shekara tara ina ba da labarin rowarsa." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. "Lemonsa har reshe yana taɓa ƙasa."

Auta ta yi makonni tana tanadin abin da za ta faɗa ranar da gaskiyarta ta fito. Da ranar ta zo, ta ga dattijo mai shekara arba'in a sana'a ya ɗauki babur da kansa ya je ya nemo laifinsa gida-gida, ba wanda ya aike shi, sai ta ji maganar ta yi mata ƙanƙanta a baki.

Baba Magini ya juyo ya dube ta. "Saiwar nan tana ƙara kauri?"

"Tana yi, a hankali."

"A shekara ashirin, kamar nawa?"

Ta gwada masa da hannu. Ya ƙara yatsa huɗu a kan abin da ta gwada, ya share ƙasa da tafinsa, ya yi zane da fensir a juye: ginshiƙi nan, ginshiƙi can, sanda a kansu.

"In bango ya tare wa mutum hanya, ba ma sare mutumin," ya ce. "Ƙofa muke yi masa. Za mu kafa ƙafa biyu, hagu da dama, mu zuba lintal a sama irin na ƙofar ɗaki, bango ya hau kansa. Ita ta wuce ta ƙasa abinta. Tsakani mu cika da yashi mai laushi."

"Lintal a cikin ƙasa?" in ji Yaya. "Baba, in bangon ya tsage fa?"

"In ya tsage ka rubuta sunana a tsagar, kowa ya zo ya karanta."

Kwana uku aikin ya ci. Baba Magini ya hana diga kusantar wurin. Da cokalin gini shi da Dogo suka yi ta sassaƙe ƙasa a gefen saiwar, Dogo yana mita wai tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa haƙa fandisho da cokali ba, saura a ba shi allura. Auta ta gyara inda diga ta ƙwarzana da wuƙa mai kaifi, ta naɗe saiwar da leda mai kauri don kada ruwan kankare ya taɓa ta. Dattijon da kansa ya ɗaure rodin, ya ƙara biyu a kan yadda aka saba, ya tsaya a kan kafinta har akwatin katako ya zauna daidai. Da kankaren ya kama aka cire katako da leda, sai ga 'yar ƙofa a cikin ƙasa, kusurwoyinta tsaf kamar za a sa mata labule, saiwa ta ratsa ta tsakiya. Baba Magini ya shafe gefen ƙofar da cokali har ya yi santsi.

"Baba, wa zai gani?" in ji Dogo. "Yanzu fa za mu binne."

"Ni na gani."

Aka binne, bango ya hau.

Bayan wata biyar aka gama gida. Reshe ɗaya babba na gefen yamma bai tsira ba, Auta ta hau tsani ta yanke shi da zarto. Ranar da aka dawo da Umma, Yaya yana ta nuna mata ɗakinta mai faɗi da banɗakin da ba sai ta taka matakala ba, ita kuwa ta wuce shi da sandarta har tsakar gida. Ta ɗaga kai. Ta ga tabon yankan, ta ga ganyen da ya yi shara-shara.

"Kin ce mini tana tsaye."

"Tana tsaye, Umma. Amma ta ji jiki."

"Za ta rayu?"

Auta ta so ta ce eh. "Sai bayan shekara uku zan iya faɗa miki."

Umma ta dubi hannuwan 'yarta, inda tabon siminti bai gama gogewa ba. Ta kama ɗaya ta juya shi.

"Babanki sau biyar ya ɗaura," ta ce. "Kawo mini kujera nan."

Shekarar farko gefen yamma bai yi ko fure ba. Auta ta ci gaba da kawo ruɓaɓɓen ganye a buhu, tana ban ruwa a can ƙarshen rassa, ba a gindi ba. Ta hana Yaya shafe tsakar gidan da siminti, suka yi wata guda ba sa doguwar magana. Wata rana da hantsi aka yi sallama, sai ga Baba Magini, wai hanya ce ta biyo da shi. Ya gaida Umma, ya zagaya bayan madafi ya bi bango da babban yatsa, ya dawo ya ɗaga kai sama ya daɗe, ya tafi. A shekara ta biyu ma hanya ta biyo da shi. Ranar ya tarar da sabon toho a gefen tabon, ja mai laushi kamar kunnen jariri, amma Auta ta ce masa kada ya yi murna tukuna, ita ce shekarar da rassan sama suke tona asiri. Suka tsaya su biyu suna leƙen ƙololuwa har wuyansu ya gaji. Ba su ga busasshe ba.

A ta uku bai ce hanya ce ba. Ya shigo ya tsaya. Gefen yamma ya sunkuyo da 'ya'ya, ba su kai na da yawa ba, amma manya ne, masu tsoka, irin na Abba. Umma ta miƙe daga kujerarta, ta ƙi a taimaka mata, ta sa sanda ta jawo reshe ta tsinko na farko. Ba ta ba Yaya ba, ba ta ba Auta ba.

"Karɓi, Baba. An ce kai ka yi mata ƙofa."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya zagaya bayan madafi kamar kullum, ya bi bangon da yatsa daga ƙasa har inda hannunsa ya kai. Sumul.

Auta ta raka shi waje. A bayan babur ɗinsa ta ga an ɗaure turaku da jar igiya, sabuwa fil.

"Aiki na samu," ya ce, yana cusa mangwaron a aljihun riga. "Gwaiba uku da dabino. Mai gidan yana ta tambayata ko awaki zan kiwata." Ya hau, ya sa ƙafa zai tayar, ya dakata. "Ke taku nawa kike ƙarawa bayan ƙarshen reshe?"

"Ɗaya, Baba."

"Ni biyu nake yi," ya ce, ya tada babur.